Gaisuwar da Ba Ta Shiga Ƙunshin Juma'a Ba

Mu biyu ne matan 'ya'yan Inna Azumi a gidanta na Sabo, unguwar Hausawa a nan ƙasar Yarabawa. Ni ce Mardiya, matar babban, Rilwanu. Ina tuyar waina da safe, in dama kunun gyaɗa da la'asar, masu saye su shigo har tsakar gida su same ni. Khairiyya matar ƙaramin ce, Zaharadeen, ita kuma sana'arta a cikin kwamfuta take. Wani kamfani na Legas take yi wa aiki daga kan tabarmarta, kuma har yau ban gane me take sayar musu ba. Na dai san in aka ɗauke wuta, tsakinta ya fi nawa ranar da ƙullu ya ƙi tashi.

A shekarar da nake ba ku labari, Allah ya kira Inna aikin hajji. 'Ya'yanta suka biya mata kujera, ita kuma ta shiga abin da kowane maniyyaci ke yi a wajenmu, wato bin gida-gida neman yafiya. Ba lungun da ba ta leƙa ba a Sabo. Har keke ta hau ta je Mokola wajen wata Bayarabiya mai sayar da tattasai da suka taɓa cacar baki, matar ma ta manta da zancen, sai da Inna ta tuna mata suka yi ta dariya. Kowa ya ce ya yafe. Mutum ɗaya ya rage, kuma shi ne wanda ƙafarta ba ta iya zuwa wajensa: ƙaninta, Kawu Babandi.

Su biyu kaɗai mahaifiyarsu, Iya, ta haifa. Shekarun baya Iya ta kwanta ciwo a daidai lokacin da Inna ta tafi Legas zaman jegon 'yarta. Kawu ya zo sarin goro ya tarar da jikin ya yi tsanani, sai ya ɗauki tsohuwar ya sa a mota daga tashar Ojoo ya kai ta gidansa a Gusau, wai can zai fi kula da ita. Bai gaya wa yayarsa ba sai da suka sauka. Inna ta yi ta bugo waya tana tambayar jiki, yana cewa da sauƙi, da sauƙi, har ranar da ya bugo da kansa ya ce an dawo daga maƙabarta. Ta je Gusau zaman makoki, kuma a gaban masu gaisuwa ta dube shi ta ce, "Kada ka ƙara sa sunana a bakinka." Kawu mutum ne mai jin magana, sai ya ji. Ya daina shigowa Sabo, goronsa ma ya koma saye a Shagamu.

Ni da nake gida ɗaya da ita na san ta daɗe da yin nadama. Amma ita ce babba. A gidansu ƙarami ke fara gaida babba ko da babban ne da laifi, ga shi kuma ita ce ta toshe masa hanyar gaisuwar da bakinta. Abin da ke hana ta sukuni shi ne ta je ta tsaya a Arfa da wannan magana a wuyanta.

To, a nan ne aikin Khairiyya ya shigo cikin zancen.

Akwai ƙungiyar 'yan asalin Sabo, waɗanda aka yanke wa cibiya a unguwar suka watsu duniya: Kano, Gusau, Legas, Kumasi, Jidda, har da masu shan sanyi a Turai. Tun da daɗewa suna da zaurensu na imel, inda in ka aika saƙo ɗaya zai faɗa akwatin kowa. An taɓa gwada komawa guruf na waya, amma ba a je ko'ina ba aka cika shi da tallar maganin basir da gardamar siyasa, dattawa suka ce a mayar da su inda suka fito. Zauren ma yana da tasa matsalar. Waya ba ta hutawa da ƙara daga asuba zuwa isha, kuma in ka buɗe, wani ne ya rubuta amin. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Musbahu, dillalin shanu a kasuwar Akinyele, shi ya aiko ta hannun Zaharadeen a roƙi Khairiyya ta karɓi riƙon zauren ta nemo musu mafita.

Mafitar da ta kawo ita ce a daina sakin saƙonni ɗai-ɗai. Manhajar da ke tafiyar da zauren za ta tara na mako guda, ta naɗe su wuri ɗaya, ta aika ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ni na raɗa masa suna Ƙunshin Juma'a, domin ya yi min kama da yadda ake ƙunshe goro a ganye, kuma sunan ya bi shi.

Naɗewar ce aiki. Na farko da ta tsara, ta yi masa kwalliya da launuka da hoton babban masallaci a sama, ta kawo min bakin tanda tana jin daɗi. Na ce ya yi kyau kamar katin biki. Kafin Asabar Alhaji Musbahu ya bugo ya ce ƙunshin ya cinye masa data kuma ya ƙi buɗewa a ƙaramar wayarsa. Ta tuɓe kwalliyar kaf, ta bar rubutu zalla, da layi tsakanin saƙo da saƙo. Sai kuma rigimar sunaye. Manhajar tana nuna mutum da sunan da ya buɗe akwatinsa da shi, sai ga wani dattijo mai jikoki ya fito a matsayin “yaro mai kyau”, sunan da ɗansa ya buɗe masa da shi don tsokana. Khairiyya ta zauna ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya ta sa wa kowa Alhajinsa da Hajiyarsa da Malaminsa.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne jerin. Da farko saƙonni suna bin juna ne yadda suka iso, sai wata Juma'a sanarwar rasuwar wani bawan Allah ta faɗo ƙarƙashin tallar shadda, ga kuma gayyatar suna a bayanta. Inna da kanta ta ce wannan rashin ta-ido ne. Khairiyya ta sake tsari: rashin lafiya da ta'aziyya a sama, sai haihuwa da aure, sai tafiye-tafiye, sai labarin kasuwa, sai sauran surutu a ƙasa. Sanarwar rasuwa kuwa ta ce ba za ta jira Juma'a ba, da ta shigo za ta wuce wajen kowa, tunda ba a ajiye gawa sai ƙarshen mako. Ta kuma sa manhajar ta riƙa yanke jelar nan da ke bin kowace amsa, inda tsohon saƙo ke maimaita kansa har sau nawa. A can sama ta sa jerin kanu, layi ɗaya ga kowane saƙo, don mai sauri ya ga abin da ke ciki.

Jerin kanun nan ne ya kai mu ga gaisuwa. Manhajar tana ɗauko layin farko na saƙo ta sa a matsayin kai, mu kuwa ba mu san a fara magana da magana ba. Sai jerin ya fito daga sama har ƙasa: bayan gaisuwa mai yawa, bayan dubun gaisuwa, tare da fatan kuna lafiya. Alhaji Musbahu ya sake bugowa, Khairiyya ta saki muryar muna ji.

"'Yata, aikinki ya yi, Allah ya yi albarka. Amma abin nan ya yi tsawo. Kafin in gama karanta gaisuwar mutum ɗaya an sayar da san da nake ciniki. Ba yadda za a yi a rage?"

"Akwai, Baba," in ji ta. "Sai in sa a cire gaisuwar a bar saƙon."

"Yauwa. Gaisuwa ai mun san da ita."

Haka ta zauna kusa da ni tana tara kalmomin gaisuwa tana koya wa manhajar. Ina juya waina ina zuba mata nawa: ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya jiki, ya kasuwa, har da e ku ishe, sannu da aikin Yarabanci na yaranmu da bakinsu ya juye. Ta haɗa da addu'o'in rufewa, su Allah ya sa, Allah ya kai mu, Allah ya bar zumunci. Sannan ta ce, "Anti, ai akwai masu aiko barka da Juma'a kawai, ba komai a ciki, ko? In an cire gaisuwa saƙo ya tashi fanko, sai a zubar da shi gaba ɗaya." Na ce ƙwarai kuwa, su ne ma suka fi cika mana ido. Ƙunshin ya dawo ɗan cas, kowa ya yaba, aka yi watanni ba wanda ya yi ƙorafi.

Inna ba ta karatun boko, amma ba ta yarda Juma'a ta wuce ba a karanta mata ba. Bayan an ci abinci sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, Khairiyya ta zauna da waya, ni kuma in jawo kujerata da tsinken sakace. A nan take jin wa ya haihu a Kumasi, wa ya aurar a Kano, tana gyara wa Khairiyya dangantakar mutane. Mun kuma san Kawu Babandi yana cikin zauren, domin Alhaji Musbahu ba ya barin ɗan Sabo a waje. Bai taɓa rubuta ko harafi ba, amma ƙunshin yana isa gare shi.

Da tafiyar ta matso, wata rana Inna ta kira Khairiyya ta ce ta zo da abin rubutunta.

"Rubuta ki ce ni Azumi zan tafi aikin hajji. Ina neman yafiyar kowa da kowa, na kusa da na nesa." Ta murza carbi. "Ki ƙara da wanda na faɗa wa magana a gaban mutane."

"In sa suna, Inna?"

"Na ce ki sa suna?"

Ba a sa ba, kuma ba a buƙata. Duk wanda ya sha ruwan Sabo ya san da wa ake. Khairiyya ta ɗora saƙon a kan komai a ƙunshin wannan makon, muka zauna jiran na gaba.

Juma'ar da ta biyo, Inna ta riga mu shimfiɗa tabarma. Amsoshi sun zo da yawa. Daga Jidda an yafe, daga Kano an yafe, wata ta ce a yi mata addu'ar haihuwa, wani ya ce a taho masa da dabino. Inna tana cewa madalla, madalla, amma kunnenta na gaba. Khairiyya ta karanta har labarin farashin albasa, ta kai ƙarshe, ta ɗago.

"Shi ke nan?" in ji Inna.

"Shi ke nan, Inna."

"Duba ƙasa dai."

Ta duba. Babu. Inna ta ce to, Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta naɗe tabarmarta da kanta ta shige ɗaki. Washegari na kai mata waina da zafinta, irin mai ɓawon nan da take so, na dawo na ɗauke kwanon yadda na ajiye. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, haushin Kawu kuma ya cika ni. Na ce a raina wannan wane irin taurin zuciya ne, tsohuwa ta sauko har ƙasa a gaban duniya, kai kuma ka kasa ko tari.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ina kankare tanda sai ga Khairiyya ta fito ɗauke da kwamfutarta a buɗe, ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba.

"Anti, wahala dey. Kawu ya fita daga zauren."

"Ya fita kamar yaya?"

"Manhajar tana gaya min in wani ya cire kansa. Ranar Juma'a ya fita, bayan ƙunshi ya isa. Sai na ce bari in duba ko ya taɓa aiko wani abu." Ta juyo min da fuskar kwamfutar kamar zan iya karantawa daga inda nake. "Ya aiko, Anti. Tun Asabar ɗin wancan makon, washegarin da saƙon Inna ya fita, ya amsa mata."

Ta karanta min. Ga abin da ya rubuta:

"Assalamu alaikum. Ina gaida dattawa da shugabanni. Ina gaida Yaya Azumi. Ina gajiya, Yaya. Ya gida, ya yara, ya jiki. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Babandi."

Na ajiye wuƙar kankara. Ban buƙaci a yi min bayani ba, domin da bakina na zuba wa manhajar rabin kalmomin nan. Ta bi saƙon layi-layi ta cire, ta ga ba abin da ya rage, ta zubar. Shi kuma Kawu ba zai taɓa rubuta “na yafe” ba. Ƙarami ba ya ce wa babba ya yafe masa a bainar jama'a, domin hakan tabbatar da cewa babban ya yi laifi ne. Abin da zai iya yi ke nan: ya sa sunan da aka hana shi a bakinsa, a gaban mutanen da suka san an hana shi. Ya yi, ya jira Juma'a, ya buɗe ƙunshi ya ga na kowa ban da nasa. Kuma ya san sarai surukar wa ke riƙe da zauren.

"Zai ɗauka Inna ce ta ce a cire," in ji Khairiyya. Sai ta zauna a kan turmi ta fashe da kuka.

Na ce ta share hawaye, kuka ba ya mayar da saƙo. Nan take ta rubuta wa Kawu bayani ta akwatinsa, da ban haƙuri, da yadda abin ya faru. Shiru. Da Zaharadeen ya dawo ya kira shi a waya. Kawu ya amsa gaisuwar ɗan yayarsa da fara'a, ya tambayi kowa, amma da aka ɗauko zancen sai ya ce, "Zaharadeen, bar maganar nan. Na gane. Allah ya ba ta hajji karɓaɓɓe." Ya yi sallama ya kashe. Ban ga laifinsa ba. In ni ce aka ce min na'ura ce ta zaɓi saƙona ni kaɗai ta haɗiye, ni ma sai in ce na gane.

Ba yadda muka iya, muka shiga wajen Inna mu biyu. Tana zaune tana jera kaya a jaka. Khairiyya ta durƙusa ta faɗi komai, ba ta rage wa kanta ko kaɗan ba, ni ma na ce da hannuna a ciki. Na zaci faɗa za a yi. Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Karanta min."

Khairiyya ta karanta.

"Sake."

Ta sake. Da ta zo kan “Ina gaida Yaya Azumi”, Inna ta ɗaga hannu ta tsayar da ita, ta ɗan jima a haka, sannan ta ce ta ƙarasa.

"Da sunan ya rubuta? Ba ke kika ƙara ba?"

"Wallahi da hannunsa, Inna."

Inna ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce, "Tashi, 'yar nan. Musbahu ne ya ce a rage, ni ma na ji daɗin ragewar. Ba wanda ya tuna akwai mai zuwa da gaisuwa kaɗai."

Khairiyya ba ta jira Juma'a ba. Ranar ta warware tsarin ta sake ɗinkawa. Kan saƙo a jerin sama zai ci gaba da tsallake gaisuwa ya nuna maganar, don Alhaji Musbahu ya samu ya sayi sansa, amma a ƙasa kowane saƙo zai fito cikakke yadda mai shi ya rubuta. Saƙon da gaisuwa ce zalla ba za a ƙara zubarwa ba, ta buɗe musu wurinsu mai suna Masu Gaisuwa, ta ajiye shi bayan ta'aziyya, kafin haihuwa da aure. Da ta koma ta tono waɗanda aka zubar a watannin baya, sai ga su da yawa. Akwai wata tsohuwa a Kumasi da duk mako take gaida ƙawayenta na ƙuruciya suna bayan suna, ba ta san ba mai gani ba. Khairiyya ta tattara su duka ta aika ƙunshi na musamman, na Kawu a kan gaba, da layi biyu na neman afuwa.

Zauren ya ɗauka. Mutane suka yi ta aiko alhamdu lillahi, wasu matan unguwa har gida suka shigo yi wa Inna barka. Sai dai wanda aka yi domin shi bai gani ba, tunda ya fita.

"Zan iya mayar da shi, Inna," in ji Khairiyya. "Danna abu ɗaya ne. Sai in sake aika masa."

"Da ƙafarsa ya fita," in ji Inna. "Ba a jawo mutum ta wuyan riga a ce masa zo ka ga an karɓi gaisuwarka."

Daga nan ba ta ƙara cewa komai a kai ba. Ta ci gaba da shirinta, masu sallama suna shigowa suna fita, ana kawo mata yaji da garin kunu da saƙon addu'o'in da ko shekara za ta yi a can ba za ta gama ba. Ni dai ina lura da ita. Takan ɗauki wayarta ta juya ta, ta ajiye. Sau ɗaya na ji tana tambayar Rilwanu ko a Gusau ana ruwa yanzu, ya ce bai sani ba, ta ce ba komai. Na so in ce mata ta kira kawai, amma wace ni in koya wa surukata yadda ake zama yaya. Na riƙe bakina, abin da ba kasafai nake iyawa ba.

Ana gobe motar maniyyata za ta tashi zuwa Legas, bayan la'asar, gidan ya ɗan lafa. Na sauke kunu ke nan ta kira mu. Tana zaune a bakin gado, jakunkuna a ɗaure a gefenta.

"Khairiyya, sa min lambar yaron nan."

Yaron nan yana da furfura da jikoki, amma ba wanda ya gyara mata. Khairiyya ta sa lambar ta saki murya, don kunnen Inna ba ya son waya a manne. Muka yunƙura za mu fita, ta ce mu zauna. Ta riƙe wayar da hannu biyu. Ta yi ta ƙara har na fid da rai, sannan aka ɗauka.

"Salamu alaikum," in ji Inna.

Ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa, sai kuma ta yi nisa, alamar ya koma gefe.

"Wa alaikumus salam." Muryar ta tsufa fiye da yadda na san ta. "Yaya?"

"Babandi. Ina wuni."

"Subhanallahi, Yaya, ai ni ne da gaisuwa."

"Ka yi taka, an karanta min. Bari in yi tawa. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Yaya."

"Ya gida?"

"Lafiya lau."

"Ya mai ɗakin naka? Ya yara?"

"Duk lafiya. Suna gaishe ki."

"Ya kasuwa?"

"An gode Allah."

Muryarta ta fara sakewa, tana jero su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana amsawa da sauri-sauri kamar mai tsoron kada a katse. Na dubi Khairiyya, ta dube ni, har mun fara murmushi. Sai Inna ta ce, "Ya jikin Iya?"

Ta ji abin da ta faɗa a daidai lokacin da muka ji. Rabonta da gaida shi a waya tun kwanakin jinyar nan, kuma a lokacin haka gaisuwar take ƙarewa, sai harshe ya bi hanyar da ya saba. Ta sa hannu ta toshe bakinta. Na ce a raina shi ke nan, an tono abin da aka zo binnewa.

Ana jin numfashin Kawu ta cikin wayar. Da ya yi magana, a hankali ya yi.

"Yaya, akwai abin da ban samu na gaya miki ba. Ranar da za ta cika, da safe, ta tambaye ki. Na ce mata kina hanya." Ya ƙara rage murya. "Ƙarya na yi mata. Ta yi murna ƙwarai. Ta ce a ɗora miki ruwan wanka, kin sha hanya."

Hawaye suna bin fuskar Inna, ba ta share ba. Ta matso da wayar kusa da bakinta.

"An ɗora?"

"An ɗora, Yaya. Tana kallo aka ɗora."

"Ka kyauta," in ji Inna. "Ka kyauta, Babandi."

Sai kukansa ya ɓalle ta cikin wayar, kukan babban mutum, nata ya tarye shi. Na kamo hannun Khairiyya muka fito, na ja musu labule.